Agogon gudu da ma'aunin taku: tambayoyin da masu atisaye a Katsina suka fi yi

Duk mai fita bayan sallar asuba a Katsina ya ga yadda masu sassarfa suka ƙaru. Akwai samarin da ke shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, akwai 'yan ƙwallon unguwa da alƙalan wasa, ga kuma magidantan da likita ya ce su rage teɓa saboda hawan jini ko suga. A kewayen filin wasa na Muhammadu Dikko, da kan hanyar Dutsin-Ma, da layukan GRA, da wuya ka ga ayarin masu gudu babu wanda ke ɗaure da agogon da ke ƙirga masa taku. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi mini a wurin atisaye da kuma ta waya. Matsayina a kai guda ne: na'urar tana da amfani matuƙa idan kana gwada gudunka na yau da naka na watan jiya, a hanya ɗaya da sauri ɗaya. Idan ka koma bin lambobin wani, ciwo za ta jawo maka.

Koci, wai me ke cikin agogon nan da har yake sanin yadda nake gudu?

Manyan abubuwa uku ne. Na farko wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce da ake kira aksilaromita, aikinta jin motsi: gaba da baya, sama da ƙasa, dama da hagu. Duk sanda ƙafarka ta daki ƙasa, girgizar takan bi jikinka har ta isa gare ta, ita kuma tana aunawa sau da yawa a cikin sakan guda. Abokin aikinta shi ne jairoskof, mai jin juyawa da karkata. Irinsu ne a cikin wayarka, su ke sa hoto ya juya in ka kwantar da ita. Na biyu GPS, wanda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na Amurka da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Agogunan yanzu kan haɗa da na Turai, wato Galileo, da GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin. Na uku shi ne koren hasken nan da ke ƙyaftawa a bayan agogo, mai lura da kai-komon jini a ƙarƙashin fata don ƙirga bugun zuciya.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba duk lambar da ta fito a fuskar agogo ce aka auna ba. Wasu an auna su kai tsaye, wasu kuma lissafi ne da kintace. Ƙirga taku awo ne. Tsawon lokacin da ƙafarka ta yi a ƙasa, in dai daga wuyan hannu aka samo shi, kintace ne da manhajar agogon ta yi bisa abin da aka koya mata daga gudun wasu mutane a ɗakin gwaji.

Lambobin sun yi mini yawa. Wacce ke nufin me?

Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don a nan mutane suka fi ruɗewa.

Yawan taku a minti, abin da agogo ke kira kadans. Shi ne adadin lokutan da ƙafafunka biyu suka taɓa ƙasa cikin minti guda. Yawancin masu sassarfa irinmu suna tsakanin 150 da 170. Wasu manhajoji ƙafa ɗaya kawai suke ƙirgawa, don haka in ka ga 82 kada hankalinka ya tashi, 164 ke nan.

Tsawon taku, wato tazarar da ke tsakanin inda ƙafar dama ta sauka da inda ta hagu ta sauka. Wannan da na farko su ne gudun gaba ɗaya, domin sauri ba komai ba ne illa yawan taku sau tsawonsa. Mai taku 160 a minti, kowane taku mita 1, yana cin mita 160 a minti, kilomita ɗaya ke nan a minti 6 da sakan 15. Ba yadda za a yi ka ƙara sauri sai ɗayan biyun nan ya ƙaru, ko duka.

Zaman ƙafa a ƙasa. Ana auna shi da milisakan, sakan ɗaya a raba gida 1,000. Mai sassarfa yakan yi tsakanin 240 da 300. Manyan 'yan gudun famfalaki kan sauko ƙasa da 200, masu tseren mita 100 kuwa kusan 100 ko ƙasa da haka. Lambar tana raguwa da kanta in sauri ya ƙaru, saboda haka gwada ta ranar da ka yi a hankali da ta ranar da ka zuba gudu ba ya gaya maka komai.

Tashin jiki sama. Kowane taku yana ɗaga gangar jikinka ya sauke, galibi tsakanin santimita 6 da 13. Mutumin da muka yi misali da shi zai yi taku 10,000 a kilomita 10. In yana tashi santimita 10 maimakon 8, ya ɗaga jikinsa ƙarin mita 200 sama a banza, ƙarfin da ya kamata ya tura shi gaba. Amma dogon mutum da mai dogon taku dole su fi tashi, shi ya sa wasu agoguna ke raba tashin da tsawon taku su ba ka kashi cikin ɗari. Wannan ya fi adalci.

Sai rabon dama da hagu, wato kason lokacin da kowace ƙafa ke yi a ƙasa cikin ɗari, da kuma ƙarfi da ake nunawa da wat. Za su zo a gaba.

Kamfanin Garmin ne ya fara shigo da waɗannan lambobi hannun jama'a a 2013, da agogon Forerunner 620 da ɗamarar ƙirjinsa. Apple ya sa su a nasa agogon a 2022. A cikinsu duka, kadans na fi amincewa da shi, kuma shi ne kaɗai nake ce wa mutum ya taɓa da gangan.

An ce mini dole sai takuna ya kai 180 a minti. Gaskiya ne?

Ba dole ba ne. Asalin maganar daga wani kocin Amurka ne, Jack Daniels, wanda ya zauna ya ƙirga takun 'yan tsere a gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984, ya ga kusan dukkansu suna yin 180 ko fiye. To amma su wa ya ƙirga? Gwanayen duniya, a ranar gasa, suna iyakar gudunsu. Magidanci ɗan shekara 45 da ke sassarfa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Kwaya yana cin kilomita a minti 7 ba shi da dalilin yin takun mai cin ta a minti 3. Tsawon ƙafa ma yana shiga ciki: dogo yakan yi taku kaɗan, gajere ya fi yawa. Su kansu gwanayen in sun fita sassarfar hutu, takunsu sauka yake yi.

Abin da ke da tushe shi ne binciken da Bryan Heiderscheit da abokan aikinsa suka fitar a Jami'ar Wisconsin a 2011. Sun sa masu gudu sun ƙara yawan takunsu da kashi 5 da kuma kashi 10 cikin 100 ba tare da ƙara sauri ba, suka ga nauyin da ke sauka a gwiwa ya ragu, a kashi 10 har da na ƙugu. Dalilin a fili yake. In taku ya gajarta, ƙafa tana sauka kusa da ƙarƙashin jiki maimakon can gaba, inda take zama birki ga mai ita.

To yaya zan ƙara, in har ya kamata?

Fara da sanin naka. Yi mako biyu kana gudunka yadda ka saba, ka duba abin da ya fi fitowa. In kana ƙasa da 160 kuma gaban gwiwarka na damunka, ko kana jin ƙarar dukan ƙafarka a kwalta, ya dace ka gwada. Mai 160 ya nufi 168, kashi 5 ke nan. Takunsa zai sauko daga mita 1 zuwa kusan santimita 95, saurin yana nan yadda yake. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ƙara saurin gaba ɗaya, ya hau haki, ya ce abin bai yi masa ba.

Yawancin agoguna suna da ƙararrawa mai bugawa daidai da adadin da ka sa mata, akwai kuma manhajojin waya na kyauta masu yin haka. Bi bugun na minti biyu, ka saki na minti uku, ka sake. Makonnin farko za ka ji kamar an ɗaure maka ƙafa, sha-raɓarka ma za ta ɗan yi tsami. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kuwa ba ka da ciwo kuma gudunka na ci gaba, bar takunka yadda Allah ya yi shi.

Wanne ya fi: na wuyan hannu, na ƙirji, na ƙugu ko na takalmi?

Ya danganta da abin da kake nema. Tashin jiki da zaman ƙafa a ƙasa abubuwa ne na gangar jiki da ƙafa, don haka na'urar da ke manne a ƙirji ko a tsakiyar bayan ƙugu ta fi kusa da gaskiya. Hannu yana lilo, agogo sai ya yi ta ƙoƙarin ware lilon hannu daga motsin jiki kafin ya kintata. Na takalmi, irin Stryd da ake maƙalawa a igiya, ya fi iya bin sauri nan take, kuma ba ruwansa da tauraron ɗan'adam. A bugun zuciya kuwa ɗamarar ƙirji ce gaba, domin lantarkin zuciyar take ji kai tsaye. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fara sayar da irinta marar waya tun 1982.

Kada ka gwada lambar Garmin da ta Coros ko Huawei ko Apple. Kowane kamfani da lissafinsa. Tiyar wata kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta wata ba, amma in da tiya ɗaya kake awo kullum, za ka san ko geronka ya ƙaru ko ya ragu. Riƙe na'ura ɗaya, ka riƙa sa ta wuri ɗaya.

Ni ɗalibi ne, ba ni da kuɗin agogo. Shi ke nan ba ni da rabo?

Kana da shi, har ma ka fi wasu masu agogon. Don kadans, ƙirga saukar ƙafar dama na sakan 30, ka ninka sau huɗu. In ka samu 41, takunka 164.

Don ganin yadda kake gudu, ba abokinka waya ya tsuguna a gefen hanya kamar taku goma daga inda za ka wuce, ya riƙe ta daidai tsayin ƙugu, ya ɗauke ka a tsarin bidiyo mai tafiyar hawainiya. Wuce shi sau uku da saurin da ka saba, kada ka gyara don ana ɗauka. Sannan ku tsayar da hoton daidai lokacin da ƙafa ta fara taɓa ƙasa. Duba ƙwaurinka: a tsaye yake, ko ya miƙe gaba gwiwa a sandare? Duba inda ƙafar ta sauka: kusa da ƙarƙashin ƙugu, ko can nesa? A sake ɗauka ta baya, ka ga ko ƙugunka na faɗawa gefe guda, ko gwiwa na shigewa ciki. Babu agogon hannun da ke ganin waɗannan. In wayar tana ɗaukar hoto 240 a sakan, kowane hoto kusan milisakan 4 ne, ƙafar da ta yi hoto 60 a ƙasa ta yi milisakan 250 ke nan.

Agogona yakan nuna bugun zuciyata 168 alhali ko haki ban fara ba. Lafiya kuwa?

Duba kadans ɗinka a daidai wannan lokacin. In shi ma 168 ne ko kusa, agogon ya bar zuciyarka ya kama takunka. Hakan na faruwa in ya yi sako-sako: kowane taku sai ya girgiza shi, haske ya shiga ta gefe, ya ɗauki girgizar a matsayin bugun jini. Matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, ka ƙara ɗaure shi rami ɗaya kafin ka fara.

Da hunturu abin ya fi yawa, domin sanyin asuba na rage jinin da ke zuwa fatar hannu. Ɗamarar ƙirji ma tana da nata a wannan lokaci. Fata a bushe, iska a bushe, rigar roba na tara lantarki tana ƙyas-ƙyas, sai ka ga 200 a mintunan farko har sai gumi ya tsatso. Maganin kuwa a bakin ƙofa yake: ɗiba ruwa a buta ka jiƙa wuraren nan biyu masu santsi a cikin ɗamarar kafin ka ɗaura, kuma kada ka shafa mai ko basilin a wurin. Amma idan lambar ta hau kuma kana jin bugun a ƙirjinka, ko jiri, ko ciwon ƙirji, tsaya nan take ka nemi likita. Wannan ba maganar agogo ba ce.

Da gaske koren hasken ba ya aiki sosai a baƙar fata?

Sinadarin da ke ba fata duhu yana shanye koren haske fiye da yadda farar fata ke yi, saƙon da ke komawa agogo yakan yi rauni. Manyan kamfanoni suna ƙara ƙarfin hasken don cike giɓin, kuma bincike ya rabu kan girman matsalar. Motsi da sakin ɗauri sun fi ɓata awo. Gwada naka da kanka: tsaya bayan gudu, ɗora yatsu biyu a gefen wuya, ƙirga na sakan 15, ninka sau huɗu, ka gwada da abin da agogo ya ce.

GPS yana cin data? Kuma me ya sa yake nuna na bi ta cikin gidajen mutane?

Ba ya cin data, ba ya buƙatar layi. Karɓa kawai yake yi daga sama. Ƙurar hunturu da hadarin damina ba sa tare shi. Abin da ke ruɗa shi dogayen bangaye ne a matsattsun lunguna irin na cikin gari wajen Gobarau, da rufin kwano mai mayar da saƙo, da inuwar manyan itatuwan bedi. Kuskuren mita kaɗan abu ne da aka saba.

Wannan ya shafi tsawon taku, saboda agogo yana samo shi ne ta raba sauri da kadans. In GPS ya yi kuskure, tsawon takun ma ya tafi. Tsaya a fili har alamar ta cika kafin ka danna farawa. In ka samu shiga filin da ke da layin tsere, yi gwajinka a layin ciki, shi ne mita 400 cif. Kowane layi na waje yana ƙara fiye da mita 7, na takwas ya haura 450, don haka kada ka zargi agogo in a can kake zagayawa.

Rabon ƙafafuna yana nuna 52 da 48. Ƙafata ɗaya ta fi ɗaya ne?

Kafin ka zargi ƙafarka, dubi hanyar. Ana gina kwalta da tudu a tsakiya, ta gangara gefe don ruwa ya wuce. Mu da muke gudu a hannun hagu don fuskantar motoci, wanda shi ne daidai, ƙafarmu ta hagu kullum tana ƙasa da ta dama. Zagaya fili ta fuska ɗaya ma yana karkatar da lambar. Gwada a shimfiɗaɗɗen wuri, ka je ka dawo. Tsakanin 49 da 51 ba abin damuwa ba ne, ba wanda aka halitta daidai wa daida. Abin lura shi ne sauyi: mutumin da ya saba 50 da 50 ya wayi gari yana 52 da 48 mako guda cur a hanyar da ya saba, sau da yawa jikinsa na kare wata ƙafa ne tun kafin ya ji zafin. Nan ne na'urar ta fi burge ni. Rage gudu, ka tuna ko ka taɓa gurɗe a wannan idon sawun, ka juya takalmanka ka ga yadda gindinsu ya cinye.

Da diddige nake sauka. Sai na koma kan yatsu?

A'a. Masu binciken Japan da suka ɗauki hoton gwanaye a tseren rabin famfalaki na Sapporo sun samu kusan kashi 75 cikin 100 da diddige suke sauka. Maganar yatsu ta yi ƙarfi ne bayan binciken Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard a 2010 kan masu gudu ba takalmi, ciki har da 'yan Kenya, inda ya ga sun fi sauka da gaban ƙafa. Nauyin ba ɓacewa yake ba, wuri yake sauyawa. Mai diddige gwiwarsa ke ɗauka, mai yatsu kuwa agararsa da sha-raɓarsa. Wanda ya sauya dare ɗaya yakan kwana da ciwon agara na watanni. Inda ƙafar ta sauka ya fi muhimmanci a kan ɓangaren da ya fara taɓawa.

A yashi lambobina lalacewa suke yi. Kuma mene ne wat ɗin nan?

Yashi na nutsewa da ƙafa, zaman ƙafa a ƙasa ya ƙaru, taku ya gajarta. An auna cewa gudu a busasshen yashi yana cin ƙarfi kusan ninki 1.6 na gudu a ƙasa mai tauri. Atisaye ne mai kyau, sai dai kada a haɗa lissafinsa da na kwalta. Wat kuwa kintacen ƙarfin da kake fitarwa ne daga nauyinka da saurinka da hawa ko gangara. Na'urar ba ta san kana cikin yashi ba, za ta nuna ka yi aiki kaɗan alhali ka jigata. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amfaninsa gare mu bai kai na mutanen Jos da Pankshin masu hawan duwatsu ba.

Da bazara da kuma azumi fa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40. Jiki na tura jini zuwa fata don ya huce, gumi na rage ruwan jini, zuciya ta ƙara bugu don ta biya. Gudun da kake yi da bugu 145 a Janairu zai iya kai ka 158 a Afrilu, agogo kuma ya rubuta maka cewa ƙarfinka ya ragu. Bai ragu ba, zafi ne. A irin wannan lokaci bi bugun zuciya, ka bar sauri ya sauka yadda ya ga dama.

Da azumi, ko dai sassarfa mai sauƙi dab da shan ruwa, ko kuma a bari sai bayan tarawihi in atisayen mai nauyi ne. Lura da lambobin taku a ƙarshen gudu. In kadans ya fara zubewa, zaman ƙafa ya hau, kai kuma saurinka bai ƙaru ba, gajiya ta ci salon gudunka, sauran abin da za ka ƙara ba riba.

Ga masu shirin gwajin ɗaukar aiki ina da roƙo. Ku san nau'in jininku na gado, wanda ake dubawa a gwajin sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa, kuma mai AS da ya matsa wa kansa da gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya yanke jiki ya faɗi, abin ya zo da hatsari. Ba hana shi gudu aka yi ba. Ya hau a hankali, ya sha ruwa, ya tsaya da zarar ƙafafu sun saki ko numfashi ya ƙi. Babu agogon da zai yi masa wannan gargaɗin.

Malam, ni mace ce, da hijabi da dogon hannu nake fita, wani lokaci kuma a injin gudu nake yi a gida. Zai yi mini aiki?

Zai yi, Hajiya. Ki ɗaura shi a kan fata, hannun riga ya rufe shi, yadi ba ya tare GPS. In baƙin lalle ya hau wurin, ki matsar da agogon sama inda fata take fili. Na ƙugu yana son wando mai ƙarfin roba a ciki, in a sakakken tufa aka maƙala shi lilo zai yi ta yi yana ba da lambar banza. A injin gudu babu GPS, da lilon hannu yake kintata nisa, saboda haka in kika riƙe ƙarfen injin ba zai ƙirga daidai ba. Ki yarda da nisan da injin ya nuna, ki ɗauki kadans da bugun zuciya daga agogo. Mai juna biyu ko wadda ta haihu kwanan nan ta fara jin ta bakin likitarta.

Zai iya gaya mini zan ji ciwo kafin ya zo?

Ba zai iya ba, duk abin da talla ta ce. Kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku, kuma yawancin ciwon masu gudu daga ƙara nisa ko sauri da gaggawa yake zuwa. A nan agogo ke taimakawa ƙwarai, domin yana riƙe lissafin kilomitocin mako, ba ya mantuwa, ba ya ƙari. Wanda ya yi 15 a makon jiya ya tashi 35 a wannan don gwaji ya matso, shi ya kira ciwon ƙwauri da kansa. In zafin ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi har kana iya nuna shi da yatsa, ko yana sa ka ɗingishi, daina gudu ka je asibiti, tsagewar ƙashi na farawa haka. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da na Janar Amadi Rimi, a nemi likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi, a tafi da takalmin da kuma lissafin da ke cikin waya.

Mai shago ya ce agogon yana auna suga da hawan jini.

Kada kowa ya ajiye maganinsa saboda wannan. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Hawan jini kuma a auna shi da abin da ake ɗaurawa a damtse.

Zan sayi na hannu, wanda wani ya riga ya yi amfani da shi. Me zan duba?

Batir tukuna. Cika shi, kunna GPS ka yi tafiyar awa ɗaya, ka ga nawa ya ci. Juya bayansa ka duba gilashin koren hasken, in ya tsage ko ya dushe ka bar shi. Tabbatar mai shi ya cire asusunsa a gabanka, musamman Apple Watch, wanda ba ya buɗuwa in an bar shi a kulle kuma sai da iPhone yake aiki. Tambayi ko GPS ɗin a cikinsa yake, domin masu araha da yawa na waya suke ara, ba wayar ba nisa. Jabu kuwa lambobi kawai yake zubawa. Sa shi a hannu, yi tsalle na minti ɗaya a gaban shagon, ka gwada da bugun wuyanka. In bai motsa daga 75 ba, mayar masa da kayansa. Bayan ka saya kada ka bar shi a gaban mota cikin rana, zafi na kashe batir, kuma ka riƙa wanke madaurin saboda gishirin gumi da ƙura na sa ƙuraje.

Abokaina suna sa taswirar gudunsu a Strava da WhatsApp. Akwai matsala?

Akwai, kuma a halin tsaron da jiharmu ke ciki ban ɗauke ta ƙarama ba. Taswirar tana nuna ƙofar da ka fito, da lokacin da kake fita, da hanyar da kake bi kai kaɗai kafin gari ya waye. A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da Strava, manhajar da masu gudu ke ajiye hanyoyin da suka bi, ya wallafa ta tona wuraren sansanonin soja a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan, saboda sojoji na gudu da agogunansu a kunne. Shiga saitin sirri ka mayar da gudunka na abokai kaɗai, ka kunna ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, kada ka karɓi wanda ba ka sani ba. Kada ka danna farawa sai ka bar unguwarku, ka kashe kafin ka shigo. In za ka sa hoto a sitatus, yanke taswirar ka bar lambobin. Masu fita hanyoyin bayan gari su fita a ayari, su riƙa sauya hanya da lokaci, kuma wani a gida ya san inda suka nufa da sa'ar da ake sa ran dawowarsu.